Yatsan Kubura a Kan Kayan Shaida

Matan Hausawan Birmingham sun daɗe ba su gane aikin da Kubura Sule Wudil take yi ba. In an haɗu a gidan suna a Erdington, wata ta ce likita ce, wata ta ce a'a, 'yar sandan farin kaya ce, har akwai wadda ta ja wa mijinta kunne kada ya riƙa sakin baki a gidan su Kubura. Ita kuwa ko a jikinta. In an matsa mata da tambaya sai ta ce, “Wankin takarda nake yi,” ta ci gaba da cin wainarta. Gajeruwa ce, ga faɗa, ga murya da ake jiyowa daga kicin har bakin ƙofa. Ba ta iya kwana-kwana ba. In kika tambaye ta ko ɗinkin nan ya karɓe ki, to ki shirya jin abin da ba ki so.

Kuma wankin takardar da ta faɗa ba ƙarya ba ne. Duk wanda ya riƙe takarda sai ya bar gumin yatsunsa a jikinta, ko da ido bai gani, takardar kuma ta shanye ta riƙe shekara da shekaru. Aikin Kubura shi ne ta sa takardar ta nuna wanda ya riƙe ta. 'Yan sanda za su kawo cakin bogi, ko ambulan ɗin wasiƙa, ko rasidin da aka tsinta inda aka yi ɓarna. Ta sa safar hannu, ta kama da hantsaki, ta tsoma a wani ruwan magani da ake kira ninhydrin, ta shanya, sannan ta sa a oven mai zafi da tururi. Jim kaɗan sai ka ga zanen yatsu yana fitowa, shunayya, kamar wanda ya dangwala ranar zaɓe. Akwai wani maganin da ake fara sawa kafin wannan, shi ba a ganin aikinsa sai an kashe fitila, an haska koren haske, an sa jan tabarau. In kuwa takardar ta taɓa shan ruwan sama gumin ya wanke, sai a koma wa ruwan azurfa, wanda yake bin ɗan maiƙon da ya rage. Shi ne mai wahala, mai cin lokaci, kuma shi ta fi so. Doka ta farko a wannan sana'a, wadda ake cusa wa mutum tun ranar da ya shigo, ita ce ba a taɓa kayan shaida babu safar hannu, ko da wasa.

Kimiyyar sinadarai ta karanta a Kano. Scholarship ce ta kawo ta Salford ƙaro karatu, ita da mijinta Nuru, 'yarsu Raki tana goye. Waɗanda suka zo tare duk sun koma gida koyarwa, wasu yanzu har ana ce musu farfesa. Ita kuwa ta samu gurbi a babban lab ɗin gwamnati na binciken kayan shaida da ke Birmingham, suka tattara suka koma Erdington, Nuru ya samu aiki da council, wato ƙaramar hukuma, a sashen matasa. A can ta koyi aikin a hannun tsofaffin ma'aikata, waɗanda in suka kalli takarda sun san irin maganin da za ta karɓa. Ta so aikin nan so na gaske. Takan ce duk duniya babu abin da ya kai daɗin ka sa farar takarda a oven, ka tsaya kana kallo ta gilashi, hannun mutum yana ɓullowa.

Sai aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu. Gwamnati ta ce babu kuɗi. Aka fara rufe ɗakunan karatu, aka rufe wuraren wasan matasa, Nuru aka mayar da shi rabin mako. Wajen ƙarshen 2010 aka ce shi ma lab ɗin za a rufe, wai bai kawo riba. Kai jama'a, abin haushi! Tun yaushe kama ɓarawo ya zama sana'ar neman riba? Kafin 2012 ta yi nisa an sa kwaɗo. Mutanen da suka yi furfura a bakin aiki wasu suka koma jera kaya a kanti, wasu suka zauna a gida suna shayar da fulawa ruwa.

Kubura ta ce ita ba ta ga ta zama ba. Ta nema ba ji ba gani, har ta samu wuri a wani kamfani mai zaman kansa a gefen Manchester, wanda yake karɓar irin wannan aiki daga 'yan sanda. Raki ta kusa jarrabawa, ba a cire ta daga makaranta, don haka iyali suka zauna a Erdington, ita kuma ta kama ɗaki a flat ɗin Clara a Old Trafford. Clara mutuniyar Jos ce, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, sun saba tun zamanin Salford. Ran Litinin Kubura ta hau jirgin ƙasa, ran Juma'a ta dawo da kayan wanki da ciwon baya.

A sabon wurin, aikin mutum biyar mutum biyu ke yi: ita da wani dogon Bature mai suna Gareth, mutumin kirki, mai sanyin hali, takalminsa kamar kwale-kwale. Ba a daɗe ba kuma aka fara raɗe-raɗin cewa ko su biyun ma sun yi yawa, ɗaya zai tafi kafin shekara ta ƙare. Kowa ya san da maganar, ba wanda ya ɗaga ta. Kubura ta sani sarai in ta rasa wannan kujerar babu wata, don wuraren da suka rage a ƙasar ba su da yawa, kuma duk sun cika da waɗanda aka sallama.

Ran nan aka kawo takardu daga wani gareji, shari'ar satar kayan mota. An jera su a kan tire, ba a kai ga sa musu magani ba. Azahar ta yi, Kubura ta cire safar hannu, ta wanke hannu, za ta je ɗan ɗakin rataye riguna inda take salla. Gareth kuma yana jan teburi mai taya da tiren a kai, da baya da baya, saboda tayar teburin ɗaya ta lalace tun watannin baya ba a gyara ba. Wani ya buɗe ƙofa, iska ta shigo, wata 'yar takarda ta tashi daga tiren ta faɗi daidai bayan Gareth. Kubura ta kalli ƙasa, ta ga baƙaƙen Larabci, ta ga dunduniyar takalmin nan tana saukowa.

To, a Wudil babu yaron da bai san wannan ba: takarda mai rubutun Larabci ba a barin ta a ƙasa. Ka gan ta a hanya, ka ɗauka, ka karkaɗe, ka soka a jikin katanga ko ka kai a ƙona, don ba ka sani ba ko sunan Allah na ciki. Ba a tsayawa karantawa. Kubura tana ƙarama ta sha ranƙwashi a hannun Innarta don kawai ta tsallake irin wannan takarda a kan hanyar rafi. Abin da aka koya wa hannu tun yana ƙarami ba ya jiran kai ya yi shawara.

“Subhanallahi!” Kafin ta ankara ta sunkuya ta fizge takardar, babban yatsa a sama, sauran a ƙasa.

Gareth ya juyo, ya ga takardar, ya ga hannun, idanunsa suka fito. Da Turanci ya ce, “Kubura, hannunki! Me kika yi?”

“Sunan Allah za ka taka,” in ji ta. Sai da maganar ta fita sannan ta gane abin da ta yi.

Ta ajiye takardar a tire daban, ta je da ƙafarta ta gaya wa shugabarsu, Madam Whitlock, abin da ya faru. Aka ce Gareth ne zai sa wa takardar magani, ita kada ta ƙara taɓawa. Amma ba a hana ta kallo ba. Ta tsaya bayansa a bakin oven, tana roƙon Allah ya sa yatsan nata ya faɗa a gefe, inda babu komai. Ina! Ya fito ɓaro-ɓaro, sabo fil, ya fi komai duhu, kuma daidai kan wani tsohon zane mai rauni, wanda shi kaɗai ne a jikin takardar. Ya danne shi, ba a iya raba wannan da wancan. Ko ɓarawon ne ya bar shi, ko wani bawan Allah da zanen zai wanke, babu mai ƙara sani. Wannan ya yi mata ciwo matuƙa, har ta kasa cin abincin rana.

Da yamma Clara ta dafa gwaten acca, ta zuba mata, ta zauna tana sauraro. Da Kubura ta gama sai ta ce, “Maman Raki, ke wani lokaci kamar ba mai ilimi ba. Takalmi zai taka kayan shaida, kin ceto. Shi ke nan! Abin da za ki ce musu ke nan. Ƙarya ce?”

“Rabin gaskiya ce.”

“To ki ba su rabin, ki riƙe rabin. Wa ya tambaye ki duka? Ni nan in tsohuwa ta zage ni a wurin aiki murmushi nake yi, ba don ina jin daɗi ba.”

“Anti Clara, na riga na gaya wa Gareth dalili.”

“Gareth zai manta in kika ce ya manta. Wallahi taurin kan nan naki sai ya mayar da ke Erdington.”

Kubura ta ci gaba da juya cokali a kwano.

Bayan 'yan kwanaki Madam Whitlock ta kira ta ofis. Matar ba muguwa ba ce, a faɗi gaskiya. Gajiya ce ta yi mata yawa, ita ma daga sama ake matsa mata. Ta ba Kubura kujera, ta ce an kai takardar wurin mai fassara.

“Ba Larabci ba ne, Kubura. Urdu ne. Rasidin tsofaffin tayoyi ne, da sunan gareji da lambar mota. Babu addu'a, babu sunan Allah, babu komai.”

Kunya ta rufe Kubura tun daga kai har ƙafa. Taya! Ita da ta sauke Alƙur'ani tana 'yar shekara goma sha, ita da take gyara wa mata karatu a masallaci, ta watsar da dokar aikinta saboda rasidin taya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ta shige.

Madam ta sassauta murya. Ta ce ita so take ta taimaka. Rahoto zai je kotu, lauyoyi za su karanta. In aka rubuta cewa ma'aikaciya ta firgita ta ceto kayan shaida daga takalmi, kuskure ne irin na kowa, gargaɗi kawai za a yi mata, a wuce wurin. Amma in aka rubuta cewa ta taɓa ne saboda addininta, to duk wani lauya mai wayo zai tashi ya ce matar nan ba ta ɗaukar takardu daidai wa daida, ya nemi a tono duk aikin da ta taɓa yi. Kamfanin ba zai iya ɗaukar wannan ba, balle yanzu da ake neman sabunta kwangila da 'yan sanda.

“Kuma tunda babu komai a takardar,” in ji Madam, “ba ki saɓa wa kowa ba in kin ce takalmin ne. Ki faɗa mini haka kawai, ni zan rubuta.”

Hanya ce a buɗe, mai sauƙi, har da tabarma an shimfiɗa mata. Kubura ta tuna Nuru da rabin makonsa, ta tuna Raki da ke maganar shiga jami'a, ta tuna oven ɗin nan da gilashinsa. Bakinta ya buɗe zai ce to. Sai ta fasa, kuma ba tsoron Allah kaɗai ne ya hana ta ba, har da zuciya. Shekara nawa tana tsayawa a kotu tana rantsuwa cewa abin da ta gani shi ta faɗa, yau kuma a ce ta gyara labari don kada a ji kunyar inda ta fito?

Ta ce, “Madam, takardu sun sha faɗuwa a ɗakin nan. In da Turanci ne a jiki, ihu zan yi in ce Gareth tsaya, kamar yadda na saba. Ban taɓa sa hannu ba sai ran nan, kuma kin san dalili, na san dalili. Zanen da na lalata, na lalata, laifina ne, ki hukunta ni a kansa yadda kika ga dama. Amma ba zan ce takalmi ne ba.”

“Ko da yake kin yi kuskure? Ko da yake taya ce?”

“Ni na san taya ce yanzu. A lokacin ban sani ba. Abin da ke raina a lokacin kika tambaya.”

Madam ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce, “To bari in yi miki tambaya ɗaya, ki yi tunani kafin ki amsa. In gobe wata irinta ta faɗi, ba ki da safar hannu, me za ki yi?”

“Zan yi ihu.”

“In bai ji ba fa?”

Kubura ta dube ta ido cikin ido. “In ƙafar ba ta tsaya ba, ban yi miki alkawari hannuna zai tsaya ba. Gara in gaya miki yau da ki gani da idonki gobe.”

Madam ta mayar da tabaranta. Daga baya ta ce ta gode, Kubura za ta iya komawa bakin aiki.

Ba a kore ta a kan takardar ba, wayonsu ya fi haka. Da lokacin rage ma'aikata ya zo, sunanta ne ya fito, Gareth ya zauna. Ranar da za ta tafi ya rako ta har tashar tram, ƙaramin jirgin cikin gari, yana ta ba ta haƙuri, idonsa ya yi ja, yana cewa da ya sani da bai tambaye ta dalili ba. Ta ce masa ya daina, shi bai yi komai ba, ya dai matsa musu su gyara tayar teburin nan kafin ta kashe wani. Clara kuwa tana taya ta haɗa kaya tana mita: “Oh ni! Wasu a kore su kan sata, wasu kan fashi, ke kuma kan taya. Taya ma ta hannu!” Suka yi dariya har da riƙe ciki, sannan Clara ta rungume ta ta fashe da kuka.

A Erdington Nuru ya tare ta a tasha, ya karɓi akwatin. Suka shiga gida, Raki ta gaishe ta da Turancinta na 'yan Birmingham ta haye sama. Sannan ya zauna a bakin kujera ya ce, “Maman Raki, kalma ɗaya fa aka nema a wurinki. Ko malamai aka tambaya, babu wanda zai ce kin yi zunubi.”

“Ba malamai aka tambaya ba, Baban Raki. Ni aka tambaya.”

“To yanzu fa? Kin san babu lab ɗin da zai ɗauke ki. Su kaɗan ne, duk sun san juna.”

“Na sani.”

“Kin yi da-na-sani?”

Ta kwance ɗankwali ta ajiye a cinya. “Na yi kuka a jirgi tun daga tashar Piccadilly har Stoke, wata tsohuwa har tana miƙo mini tishu. Aikin nan raina ne, kuma na san na rabu da shi ke nan. Amma da-na-sani, a'a. Kada ka ƙara tambayata.”

Bai ƙara ba. Ya tashi ya ɗora mata ruwan shayi.

Ran Litinin ta farka da wuri kamar kullum, babu jirgin da za ta hau. Ta goge hijabinta, ta bi babban titin Erdington a ƙasa zuwa ofishin masu neman aiki. Layi har waje, rabi duk waɗanda aka sallama ne irinta. Da aka zo kanta, wata ma'aikaciya mai fara'a ta tambayi suna da adireshi da irin aikin da ta iya, tana bugawa a kwamfuta. Sannan ta ce, “Me ya raba ki da aikinki na baya?”

“Na ɗauki kayan shaida babu safar hannu, don na zaci sunan Allah ne za a taka. Aka ce in ce ba haka ba ne, na ƙi.”

Matar ta dakata, ta duba takardar sallamar. “Amma nan rage ma'aikata aka rubuta. Shi zan sa, zai fi miki sauƙin samun wani aikin.”

“Sa shi, ai shi ma ya faru. Sai ki ƙara da abin da na gaya miki.”

“Wurin ba zai ɗauka ba, layi ɗaya ne.”

Kubura ta jawo kujera kusa da teburin, ta ɗora jakarta a cinya, ta gyara zama. “To mu taƙaita shi tare,” in ji ta. “Yau ba ni da inda za ni.”